Kofaton Jaki: A Duba Kullum, A Yanke Kaɗan-Kaɗan

Jawabin wani ma'aikacin gidan kiwo ga makiyaya da manoma masu kiwo

 

Kun saba in munka zo zancen shanu da tumaki da awaki mukan yi: allurar rigakafi, maganin tsutsar ciki, abincin rani. Yau zancen jaki ne ya kawo ni. Na ga wasu sun yi murmushi, ba komi. Amma ku waiga bayan rumfar nan ku ƙirga jakunan da ke ɗaure. Ruwan da anka dama mana fura da shi, wa ya ɗauko shi daga rijiya? Takin da kunka kai gona da bazara, da damman hatsin da kunka kawo gida da kaka, bisa bayan wa sunka bi? Ranar da jaki ya kwanta, ba maigida ne ke fara jin jiki ba. Uwargida ce ke komawa ɗaukar ruwa bisa kai, yarinya kuma a hana ta zuwa lakwal don ta taya ta.

Kuma jaki ya bar zama abin da ake maye gurbinsa da kuɗin akuya. Kun tuna a shekarar 2016 gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna waje, saboda yadda masu neman fata sunka riƙa kwashe su daga kasuwanni har kuɗinsu ya hau. A watan Fabrairu na 2024 kuma shugabannin Tarayyar Afirka sun amince da hana yanka jakuna don fatarsu. Wanda ke da jaki yau, ya riƙe shi da kyau. Ni kuwa cikin shekarun da na yi ina wannan aiki, jakunan da na ga an daina aiki da su tun da sauran ƙarfinsu, da yawansu ƙafa ce ta kayar da su.

Bari mu fara da sanin kofaton kansa, don wanda bai san abin da ke ciki ba bai kamata ya ɗauki wuƙa ba.

Kofato ba dutse ba ne. Akaifa ce, irin ta yatsanka, sai dai ta yi kauri ta kewaye ƙashi da nama da jijiyoyin jini. In ka ɗaga ƙafar jaki ka duba ƙarƙashi, abu huɗu za ka gani. Akwai bango, wato ɓawon nan mai tauri da ya kewaye, shi ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi. Akwai tafi, wato shimfiɗar da ke ciki. Tsakanin bango da tafi akwai wani siririn zare mai haske-haske, zan riƙa ce masa farin zare, shi ne ɗinkin da ya haɗa su. Sai wani abu mai laushi kamar roba wajen diddige, mai tsini yana duban gaba, da rami dama da hagunsa. Wannan zan ce masa harshen kofato. Daga sama kuma, inda gashi ya ƙare kofato ya fara, nan ne rawanin kofato. Ku riƙe wannan wuri, don daga nan ne bangon ke tsirowa yana gangarowa ƙasa. Tsirarsa ba ta kai santimeta 1 a wata, saboda haka abin da ya fito daga rawani yau, sai ya yi kusan shekara kafin ya taɓa ƙasa. Ɓarnar minti ɗaya, shekara ake jira ta wuce.

Kofaton jaki ba irin na doki ba ne, kada a yi musu yanka ɗaya. Na jaki ya fi tsayawa tsaye, ya fi ƙunci, tafinsa ya fi kauri. Na doki tafinsa yakan ɓare da kansa, na jaki sai ya yi ta taruwa. Babban bambancin kuwa shi ne ruwa. Asalin jaki dabbar ƙasa mai fari ce da duwatsu, kofatonsa yana shan ruwa fiye da na doki. In ya daɗe tsaye cikin laima sai ya yi laushi, farin zaren nan ya buɗe, ƙazanta ta shiga.

To, jakin da ke yawo cikin daji yana tafiya mai nisa bisa ƙasa mai tauri, ƙasa ce ke yi masa yanka, ba ya bukatar kowa. Mu ne munka canja masa zama. Jakin Dakwaro ko Tanut da ke bisa yashi mai laushi, kofatonsa ba ya cinyewa, sai ya yi ta tsawo. Na Adar, wajen Keita da Buza, duwatsu ke cin nasa, wani lokaci har su tsaga shi. Wanda ke jan amalanke bisa kwalta cikin Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, nasa cinyewa yake fiye da yadda yake tsirowa. Wanda kuma anka ɗaure ga turke da damina don kada ya shiga gonar mutane, wata uku ko huɗu yana tsaye cikin kashinsa da fitsarinsa, shi ne ya fi kowa shan wuya: ga tsawo, ga ruɓa. Kowa ya san irin ƙasar da jakinsa ke takawa, daga nan zai san abin da zai yi tsaro.

Wani abu kuma da ke cutar jaki shi ne haƙurinsa. Doki in ƙaya ta soke shi, duk gari sai ya sani. Jaki shiru zai yi. Sai ka ga ya rage sauri, yana neman gefen hanya mai yashi, yana yawan kwanciya, yana ɗaga wannan ƙafa ya aje ya ɗaga waccan. Yaro ya ce jakin ya yi taurin kai, ya ƙara masa sanda. Ranar da ka ga ɗingishi a fili, ciwon ya kwana biyu. Don haka nake cewa kada ku jira ɗingishi. Ku ɗaga ƙafa ku duba.

Ɗaga ƙafar ba faɗa ba ne. Wani ya riƙe kan jakin yana shafa shi, ba a murɗe masa kunne. Kai kuma ka tsaya daidai kafaɗarsa kana duban wutsiya, ka bi ƙafar da hannu daga sama zuwa ƙasa, ka ɗan jingina da shi, sai ka ɗaga. Kada ka ɗaga sama da yawa, kada ka janye ta gefe. Jaki gajere ne, in ka ɗaga ƙafarsa kamar ta doki gaɓoɓinsa ke ciwo, shi ya sa yake fizgewa. Ga ƙafar baya, ka matsa jikinsa sosai, kuma ka sani jaki na iya shuri ta gefe da ta gaba, ba baya kaɗai ba. Masu jaka da ɗa, ku riƙa taɓa ƙafafun ɗan tun yana shan nono. In ya girma ba za ku sha wuya da shi ba.

In ka ɗaga, ka ɗauki tsinken icce mai ƙwari ko guntun ƙarfe marar kaifi da maƙeri ya lanƙwasa maka, ka kwashe ƙasa da kashi da tsakuwa, kana farawa daga diddige zuwa gaba. Ka share ramukan gefen harshe. Ka bi farin zare ko tsakuwa ta maƙale. Ka nemi ƙayar aduwa ko ta bagaruwa, ko ƙusa, ko guntun waya. Ka sansana. Ka taɓa bangon da tafin hannu ka ji ko ya fi na sauran ƙafafu zafi. Ƙafa huɗu, minti biyar ba ta cika ba. Da yamma in an sauke akumari shi ne lokacinsa. Iyayenmu mata, wannan aikin naku ne da na yara fiye da na kowa, tunda ku ne ke tare da jakin kullum.

Yanzu yanka. Jakin da ke bisa yashi ko ga turke, a duba tsawon kofatonsa duk bayan sati 6 zuwa 10. Kayan aikin duka maƙerin garinku na iya yi: wuƙa ƙarama mai kaifi, awartaki mai baki mai kaifi, da magagari. Cikin ukun nan magagari ya fi muhimmanci, don shi ba ya wuce inda ka tsayar da shi.

Abin da ba na son gani shi ne a ɗora ƙafar jaki bisa kututture a sare da adda ko gizago. Na san an gada, na kuma san akwai masu hannu. Amma daga sama ba ka ganin inda nama ya tsaya. Ni kaina, shekarata ta fari da fitowa daga makaranta, an kawo mini wata jaka mai dogon kofato. Jama'a sun taru suna kallon sabon likita, na so in nuna iyawa, na ce yau sai na maida shi daidai. Da wuƙa ce ma, ba adda ba. Yanka na uku sai jini. Jakar ta yi sati uku ba ta ɗauki ruwa ba, mai ita kuwa tsohuwa ce, ba ta da wata. Ba ta ce mini komi ba, sai dai kullum in na zo wankin ƙafar nakan tarar ta dawo daga rijiya da tulu bisa kai. Tun daga ranar ban sake gaggawa bisa kofato ba.

Da rani kofato na bushewa ya yi tauri ƙwarai. Ka tsayar da jakin bisa jiƙaƙƙen yashi kamar rabin awa kafin ka fara. Da damina kuwa washegarin ruwa ya isa. Ka share ƙafar tas. Ka fara da tafi: ka kankare mataccen nan mai fari-fari da ke marmashewa, siriri-siriri kamar mai feren rogo. Kowane kankara biyu, ka danna da babban yatsa. Da zarar ka ga wurin ya yi santsi yana ɗan ƙyalli, ko ka ji ya fara lotsawa ƙarƙashin yatsa, ka tsaya. In ka ga ja-ja, ka riga ka wuce. Harshe kuwa, ɓarɓashin da ke reto kaɗai za ka cire, ka buɗe ramukan gefensa don iska ta shiga, kada ka rage shi.

Sannan bango. Ka rage abin da ya zarce da awartaki kaɗan-kaɗan, ka bar shi ya ɗan fi tafi tsawo, don jaki ya taka bisa bango, ba bisa tafi ba. Ka goge da magagari har ya yi daidai. Diddige biyu su zama tsayi ɗaya. In ɗaya ya fi, ƙafar za ta karkace. Ka aje ƙafar bisa ƙasa mai daidai, ka ja baya ka duba ta gefe: gaban kofato da wurin nan da ake ɗaura dabaibayi su bi layi ɗaya miƙe, ba karyewa. Nan ne masu koyi da yankan doki ke ɓatawa, sukan rage diddigen jaki da yawa har ya kwanta. Ƙarshe ka zagaye bakin bangon da magagari ka kashe kaifinsa, don kada ya tsage in ya bugi dutse. Jikin bangon daga sama kada ka goge shi, wannan ƙyallin kariya ce.

Wanda kofatonsa ya riga ya yi tsawo har ya tanƙware sama kamar bakin takalmi, ba a gyara shi rana ɗaya. Jijiyoyin ƙafar sun saba da karkacewar. A rage kaɗan, a bar shi sati biyu ko uku, a sake. Yana iya ɗaukar watanni, kuma irin wannan gara a kira mu.

Masu amalanke bisa kwalta, ku naku ba yanka ba ne, tanadi ne. Inda akwai gefen hanya mai ƙasa, ku bi nan. Kada ku sa shi gudu da kaya. Ku daidaita kayan bisa tayoyi, kada nauyin ya faɗa bisa bayansa, don ko ba kaya ƙafafun gaba ne ke ɗauke da fiye da rabin nauyin jikinsa. In kun ga bango ya cinye har tafi na taɓa ƙasa, hutu kaɗai ne maganinsa.

Sai cututtuka. Na fari ruɓar harshe: baƙin abu mai ɗoyi cikin ramukan nan. Ta damina ce da ta bakin rijiya inda taɓo ba ya bushewa. A kankare ruɓaɓɓen, a wanke da ruwan gishiri, a shanya, a shafa aidin kullum. Amma in ba a canja wurin turke ba, maganin banza ne. A kafa turke bisa tudu, a zuba yashi, a kwashe kashin kullum. Gona ma na jiransa. Ƴar uwarta ita ce wadda ke cin farin zare: sai ka ga wurin ya zama gari-gari, in ka ƙwanƙwasa bango ka ji shi kamar ƙwarya. Ita tana hawa sama ta ƙarƙashin bango ba a gani, sai an buɗe wurin iska ta shiga, kuma wannan aikin ma'aikaci ne.

Na biyu mugunya cikin kofato. Jaki ya kwana lafiya, da safe ba ya iya taka ƙafa ɗaya, har ka ce karaya ce. Kofaton da zafi. Galibi ƙaya ce ko tsakuwa ta shiga kwanakin baya, ƙofar ta rufe, mugunya ta taru ba ta da hanya. Ka tsoma ƙafar cikin ruwan ɗumi da gishiri mai yawa, minti 15 zuwa 20, safe da yamma. In an ga baƙin ɗigo inda abin ya shiga, mai sani ya buɗe shi kaɗan mugunyar ta fita. Nan take za ka ga jakin ya samu sauƙi. A cusa sukari da anka kwaɓa da aidin, a naɗe da tsumma mai tsabta, a rufe da guntun buhu ko robar cikin taya don ƙasa kada ta shiga. Ɗaurin kada ya matse saman kofato, ya hana jini gudu. A canja kullum. In an bar ta, mugunyar takan bi sama ta fashe ga rawani, wannan kuwa ya fi daɗewa.

In ƙusa ce ta shiga, musamman tsakiyar harshe, kada ku tsaya gwada magani. Ƙarƙashin wurin nan akwai gaɓa da jijiya. Ku lura da inda ta shiga da zurfinta, ku zo mana ranar. Dalili na biyu shi ne ciwon sandarewa, wanda likitoci ke ce wa tetanos. Ƙwayarsa na zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana son rami mai zurfi da iska ba ta shiga, kuma doki da jaki na cikin bisashen da ta fi kamawa. Bayan sati ɗaya zuwa uku sai ka ga jaki ya sandare, kunnuwa tsaye, wutsiya ta ɗago, baki ya ƙi buɗewa. In ya kai nan, kaɗan ne ke tashi. Akwai allurar da ke tare shi, amma amfaninta tun ranar raunin ne.

Na uku ba daga ƙasa yake zuwa ba, daga ciki ne. Jaki ya kwance da dare ya faɗa wa buhun hatsi, ko ya samu tsaba wurin sussuka ya ci ya ƙoshi, ko maigida ya ji tausayinsa ya cika masa kwano da dusa alhali bai saba ba. Kwana ɗaya ko biyu sai kofatai su ɗauki zafi, galibi na gaba duka biyu, ya tsaya yana jan jiki baya, ba ya son motsi. Naman da ke riƙe ƙashi da bango ne ya kumbura. Kada a tilasta masa tafiya. A tsayar da shi bisa yashi mai laushi cikin inuwa, a riƙa sanyaya ƙafafun da ruwan sanyi, a yanke hatsi da dusa, a aiko mana. Amma kada a hana shi ci ɗungum: a ba shi kara da busasshiyar ciyawa da ruwa. Jaki ba ya jure zama ba ci. In ya yi kwanaki haka, kitsen jikinsa kan cika jini ya lalata hanta, wannan na kashewa.

Wani ya tambaye ni ɗazu ko ciwon baki da ƙafa da ke kama shanu na kama jaki. Ba ya kama shi. Na masu rababben kofato ne. In jakinka na ɗingishi lokacin da ciwon ke gari, ka nemi dalilin wani wuri.

Dabaibayi kuma. Igiyar leda da ake warwarewa daga buhu, da waya, suna yanka fata. In raunin ya sauka bisa rawani, kofaton da zai tsiro daga nan da tsaga zai fito, wani lokaci har ƙarshen ran jakin. Ku yi dabaibayi da tsumma mai faɗi ko igiyar auduga mai laushi, ku bar wurin da yatsa biyu za su shiga, ku riƙa canja ƙafa.

Akwai abubuwan da nake roƙonku ku bari. Ruwan batir, baƙin man mota, kananzir, da lalas bisa kofato ko kusa da rawani. Na san wanda ya zuba ba mugunta yake nufi ba, abin da ke hannunsa ne. Amma ruwan batir na cin mai rai da matacce, wuta kuma na rufe bakin rami ta bar mugunya ciki. Gishiri, ruwa mai tsabta, aidin da busasshen wuri sun fi su aiki, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

To, na ga an kawo jakuna uku. Malam, matso da wancan mai dogon kofato cikin inuwa, a zuba ruwa bisa yashin nan ya tsaya kai. Kafin ya yi laushi, mu fara da jakar Inna. Samari biyu su zo kusa, ɗaya ya riƙe kai, ɗaya ya ɗaga ƙafa, ni zan tsaya gefe. Maƙeri in yana nan shi ma ya matso, ya ga irin lanƙwasar da nake so ga bakin wuƙar.